Sai Iri Ya Shiga Ƙasa

"Riƙe tsanin ga da kyau, Turai. In na hwaɗi, ke za ki ɗauke ni."

Turai ta ƙara danna ƙafa a gindin tsanin. Inna Sabuwa tana can sama a bakin ƙaramar ruhewarta, rumbun laka da take ajiye irin shuka, tana liƙe murfin da taɓo. Tsohuwa ce mai jikoki, amma ba ta yarda kowa ya hau mata ruhewar nan ba, ko ɗanta Attahiru. Musamman ma shi.

Daga nan ƙasa ne Turai ta ga ƙafafun. Sun kumbura sun yi suntum, fatar tana sheƙi, kuma da tsohuwar ta ɗaga ɗaya, sai ga shatin itacen tsani ya zauna a tafin, ya ƙi tashi.

"Inna, mi yas samu ƙahwahunki?"

"Tsuhwa."

"Tsuhwa ba ta kumbura mutum haka."

"Ke kin taɓa tsuhwa ne da za ki gaya mani? Riƙe tsani."

Da ta sauko ba ta iya kai kanta inuwa ba. Nan ta zauna a kan turmi, ta dafe haƙarƙarinta na dama, tana jan numfashi da baki. Turai ta tsaya tana kallonta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kawo Turai daga Goronyo, gidan mijinta Mainasara masunci, a unguwar da ke jikin ganuwar Wurno ta wajen gulbi. Darnin kara ɗaya ya raba ta da Inna Sabuwa, shi ma darnin akwai kafa a jikinsa. Turai ta zo da hannun 'yar gata, irin mai tara itace biyar a murhu don dafa ruwan kunu. Kwana uku tsohuwar ta yi tana leƙenta ta kafar nan tana tsaki, ran na huɗu ta kasa haƙuri ta shigo. Tun daga ranar gidajen biyu suka koma wuta ɗaya, yau a nan gobe a can. Ita ta koya mata jiƙa wake da kanwa tun da safe don kada ya ci itace. Ita ta koya mata binne garwashi cikin toka, da shanya yakuwa da kuɓewa tun damina, da kankare ƙanzon tukunya a busar a ajiye, da ba akuya ruwan wankin gero maimakon a watsar. A gidan Inna Sabuwa ana cin tuwo da sauran hasken rana, saboda fitila mai take sha. Nama kuwa sai kasuwa ta watse, lokacin da mahauci ya gaji da gardama. In ta auna hatsin girki, sai ta sa hannu ta ɗebi damƙi guda ta mayar, ta ce ciki ba zai gane ba.

Matan unguwa suna yi mata dariya, suna cewa ko ƙuda ya sauka a ƙwaryarta da yunwa yake tashi. Amma su ɗin ne dai, in damina ta yi tsakiya ruhewa ta yi ƙasa, za ka gan su a ƙofarta da ƙoƙo a bayan zane, wai sun zo gaisuwa. Gaisuwar banza!

"Matso nan," in ji tsohuwar da numfashinta ya dawo. "Abin ga da ke cikina ba mai tashi ba na. Na san shi. Shi yat tahi da uwata, haka ƙahwahunta sunka yi."

"Subhanallahi! Inna, bari in kira Attahiru."

Tsohuwar ta cafke mata hannu, da ƙarfin da Turai ba ta zaci ya saura ba.

"Kak ki soma. In ya ji, kahin rana ta hwaɗi ya tara mani masu magani, kowa da kuɗin aikinai. Gobe dangi su cika gida da dubiya, kowa da bakinai. Da mi za a ciyar da su? Babbar ruhewa saura kaɗan, da ƙyar za ta kai mu sabon gero. In ta ƙare ina za shi sa hannu?" Ta nuna ƙaramar ruhewar da haɓa. "Kin manta shekarar Ruƙayyatu?"

Ina Turai za ta manta? Shekara bakwai da suka wuce, mijin Inna Sabuwa ya rasu daidai irin wannan lokaci, ƙarshen bazara, ana jiran ruwa. Attahiru mutumin kirki ne, wallahi, babu mai musun haka, sai dai hannunsa ba ya rufuwa, kuma kunyar ido ta yi masa yawa. Masu ta'aziyya suka zo daga Rabah, daga Rara, daga Goronyo. Ya ce ba za a ce gidan ubansa an sha ruwa zalla ba. Aka daka gumba, aka dama fura, sadakar uku, sadakar bakwai, uwarsa tana cikin takaba ba ta da bakin magana. Da hatsin ci ya ƙare, ya hau ya sauko da damman iri. Kwana biyar bayan haka ruwa ya sauka. Suka bi gida gida suna roƙon abin shuka, suka samu ɗan tarkace, suka shuka a makare. A daminar nan ƙaramar 'yarsa Ruƙayyatu ta bushe a bayan kakarta, har ta daina kuka, har aka kwance ta aka kai ta makwancinta.

"Ni ba tsoron mutuwa nika yi ba," in ji Inna Sabuwa. "Lokacinta nika tsoro. So nika iri shi riga ni shiga ƙasa. Ki taimake ni, ɗiyata."

Turai ta ce to. Ta faɗe shi ne tana kuka, amma ta faɗa.

Daga nan aikin ɓoyo ya soma. Turai kan shigo ta kafar darni bayan asuba, ta share ɗakin tsohuwar, ta fitar da abin da ya kamata a fitar, ta zaunar da ita a ƙofar ɗaki da mazari a hannu da zane a rufe da ƙafafu. Duk wanda ya wuce sai ya ga Inna Sabuwa tana kaɗi kamar kullum. Sai ka tsaya kusa za ka ga zaren ba ya ƙaruwa. Hauwa'u matar Attahiru ta lura, don ba makauniya ba ce, amma tun da aka kawo ta ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli surukarta ba, ba yanzu za ta fara ba.

Sama kuwa ta yi ta wasa da mutane. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta ɗauko kara da ganye, mata su ruga kwashe shanya, sannan ya watse kamar ba a yi ba. Zafi ya hana kowa sakat. Gulbi ya koma tafkuna, Mainasara yana dawowa da kifin da bai cika tafi ba. Ungulaye biyu suka mayar da kukar bayan gidan wurin zama, Turai ta jefe su har ta gaji, su tashi su yi kewaye ɗaya su dawo.

Wata safiya Attahiru ya durƙusa gaida uwarsa, ya daɗe yana dubanta.

"Inna, kin rame. Idanunki ma sun yi rawaya."

"Azumin nahila nika yi. Kai da ba ka yi, ina za ka sani?"

Ya yi dariya, ya shafa ƙeya. "To a yanka maki kazar nan mana, ki sha romo."

"Kazar da ke ƙwai? Allah shi shirye ka, Attahiru. Tashi ka gyara sungumi."

Ya tashi yana dariya. Turai tana tsaye da tsintsiya, ji ta yi kamar ta kwarma ihu ta gaya masa, amma ta sunkuyar da kai ta ci gaba da shara. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, babba da shi a ce uwarka tana mutuwa a gabanka kana maganar kaza.

Ran Laraba aka yi ruwa. Ba mai yawa ba, amma ya kwantar da ƙura, ƙanshin ƙasa ya tashi, yara suka fita suna tsalle. Turai ta ruga ɗakin tsohuwar har tana tuntuɓe.

"Inna, ruwa! Allah ya karɓa!"

A lokacin Inna Sabuwa ba ta iya zama sai an jingine ta, cikinta ya taso, hannuwanta sun zama kara. Ta saurari ɗigar ruwan a jikin bunu.

"Tahi tsakar gida ki soka yatsa."

Turai ta je ta dawo.

"Ina yak kai?"

"Gaɓa ɗaya."

"Ƙasa da nan hwa?"

Turai ta dubi yatsanta. Da ta so, da ta yi ƙarya, a buɗe ruhewa, a shuka, tsohuwa ta huta. Ta buɗe baki ma za ta yi.

"Busasshe," in ji ta.

"To ba ruwan shuka ba na. Shi tsiro, rana ta ƙone shi."

Attahiru ya shigo da sungumi a kafaɗa, ya ce rabin unguwa sun fita. Uwar ta ce su fita. Ya roƙa, ya yi fushi, ya ce ita kullum riƙo, kullum riƙo, har yaushe? Ta juya fuska ga bango ta ƙyale shi. Da ya fita, Turai ta ga ta cusa bakin zane a baki tana cizo don kada a ji nishinta.

Kwana tara aka ƙara. Waɗanda suka yi gaggawa suka ga shukarsu ta leƙo ta ƙone. A kwanakin nan tsohuwar ta daina karɓar komai sai ruwa, shi ma da ludayi. Ɓoyo ya gagara, dole aka ce wa Attahiru zazzaɓi ne na shigowar damina, kuma uwar ta hana shi aika wa kowa da rantsuwar nonon da ya sha. Wani lokaci takan kira Turai da sunan Ruƙayyatu. Wani lokaci ta farka firgigit ta ce, "An yi?" Turai ta ce ba a yi ba tukuna. Sai ta ce, "To," ta sake damƙe gefen tabarma.

Ran na goma, bayan azahar, gari ya yi duhu har kaji suka nufi akurki. Wannan karon hadarin bai watse ba. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta zuba har magariba, tsakar gida ta zama tafki. Turai ta soka hannu har wuyan hannu, danshi ne. Ta shiga ta ɗora laka a tafin tsohuwar.

Inna Sabuwa ta murza ta da yatsu, ta kai hanci.

"A buɗe."

Da sauran haske Attahiru ya hau ya fasa taɓon, ya sauko da damman, zangarniya zaɓaɓɓu, dogaye, babu wadda ƙwaro ya taɓa. Hauwa'u da Turai suka sussuke su nan take.

Gari na wayewa suka shirya, shi da matarsa da yaran duka, don talaka ba shi da wasu hannuwa sai na gidansa. Gonar tana can kan hanyar Rabah, tafiya ce mai ɗan nisa. Ya leƙa ɗakin.

"Inna, mun tahi. Ko in bar maki Hauwa'u?"

"Ka bar ta ta yi mani mi? Ga Turai. Kak ku dawo da ko ƙwara."

Muryarta ta fito tas, har Turai ta yi mamaki. Da ƙarar tafiyarsu ta ɓace, tsohuwar ta saki jiki, kamar wadda ta sauke tulu.

"Turai."

"Na'am, Inna."

"In abin ya zo suna can, kak ki aika."

"Haba Inna! Ba a aje mamaci. Kin hi ni sani."

"Wuni ɗai. In kin aika, shi yar da sungumi shi rugo, rabin iri cikin ƙwarya. A zauna makoki kwana uku, ƙasa ta sha iska. Baƙi su zo, shi dubi ƙwaryar nan..." Ta tsaya neman numfashi. "Alhakin bisa kaina."

Turai ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta ɗiga mata ruwa a leɓe, tana yi mata kalmar shahada a kunne, tsohuwar tana bi da motsin baki. Da hantsi ya ɗaga, hasken da ke shigowa ta ƙofa ya kai gefen tabarma, sai numfashin ya fita bai dawo ba.

Kukan ya taso wa Turai tun daga ciki. Ta toshe baki da hannu biyu. Kuka ɗaya in ya tsallake darnin nan, shi ke nan, kafin ta share hawaye an tura mai gudu gona. Ta rufe mata ido, ta yagi bakin tsohon zane ta ɗaure mata haɓa, ta miƙe mata ƙafafu, ta juya ta ga alƙibla, ta lulluɓe ta. Sannan ta fito ta saki asabari, ta zauna a bakin ƙofa.

Unguwa tsit, duk mai ƙafa yana gona. Ba a daɗe ba ta ji sallama. Asabe ce, matar wani majemi da ke bayansu, da ɗan kasko a hannu.

"Turai, ke ce nan? Ruwan jiya ya kashe muna wuta. Na ce gidan Inna Sabuwa ba a rasa garwashi." Ta ɗaga murya. "Inna! Ina kwana? Ya ruwa?"

"Barci taka yi," in ji Turai.

"Inna da barcin hantsi? Lalle jiki ya yi tsanani. Bari in leƙa ta."

Turai ta miƙe ta tsaya a gaban asabarin. "Yanzu tas samu ya ɗauke ta. Kawo kaskon."

Ta tone tokar murhu ta zuba garwashi a kaskon. Asabe ta karɓa, ta dubi idanun Turai, ta dubi asabarin. Ƙudaje uku suna bisa kansa, suna neman hanyar shiga.

"Lahiya dai?"

"Hayaƙi na."

Asabe ta ɗan ƙara tsayawa, sannan ta ce a gaida Inna in ta tashi, ta fita.

Ranar nan ta yi wa Turai tsawo fiye da duk wata rana da ta sani. Ta koma ciki ta zauna da mafici tana korar ƙudaje. Zafi ya dawo, ƙasa tana tururi. Ladan ya kira azahar, ta yi salla a gefen gawar, ba ta san abin da ta karanta ba. Sau biyu ta ɗauki mayafi ta kai har zaure, sau biyu ta dawo. Tsoron Allah ya cika ta, da tsoron abin da za a ce, da wani tsoro na daban duk lokacin da ta taɓa hannun tsohuwar ta ji ya ƙara tauri. Tana fifita tana lissafa su a zuci: Attahiru a gaba yana sara, Hauwa'u a baya tana zubawa tana takewa da diddige, yanzu sun kai gindin gawo, yanzu sun wuce tsakiya. Tana cewa a hankali, "Ku yi sauri, don Allah ku yi sauri."

La'asar ta yi sanyi kafin ta ji su. Muryar Attahiru ce ta riga shigowa, tun daga zaure.

"Inna! Mun gama! Har gehen rahi mun shuke, ko ƙwara ba ta saura ba!"

Ya shigo da laka har gwiwa, yana kaɗa ƙwaryar iri a sama don a ga babu komai. Ya ga Turai a bakin ƙofa. Dariyar ta tsaya a fuskarsa. Ƙwaryar ta suɓuce ta gangara tsakar gida.

Ya ɗaga asabari ya shiga. Turai ta ji ya yi salati, ta ji ya kira uwarsa sau biyu da ƙaramar murya. Hauwa'u ta fasa kuka, yaran suka kama, nan da nan maƙwabta suka fara amsawa ta bayan darni. Da ya fito, bai yi ihu ba. Ya riga ya taɓa gawar a ciki, ya ji yadda ta sandare.

"Tun yaushe?"

Ƙarya tana nan kusa, amma masu wanka za su gane.

"Tun hantsi."

"Tun hantsi," ya maimaita. "Ina can ina waƙa. Uwata na kwance ƙudaje na bin ta, ni ina waƙa." Ya dube ta, idanunsa jajur. "Ita tas sa ki?"

"Ita tac ce. Amma ni niy yi, Attahiru. Ina iya aikawa, ban aika ba."

Ya dubi ƙaramar ruhewar da bakinta ke buɗe, ya dubi 'ya'yansa, ya sake duban Turai. Ta ga ya gane, kuma ta ga ganewar ba ta rage masa komai ba.

"Ba ke za ki yi mata wanka ba," in ji shi. "A kira Asabe."

Wannan ya fi mari zafi. Shekara goma sha ɗaya, wuta ɗaya, kuma wata ce za ta zuba mata ruwan ƙarshe. Turai ba ta yi gardama ba. Ta ja gefe ta tsaya jikin darni, mata suna wuce ta suna shiga ɗakin, babu wadda ta ce mata sannu.

An yi sauri don a riga faɗuwar rana. Ƙasa ta yi laushi, masu haƙa ba su sha wuya ba. Maza suka ɗauke ta suka fita, da lakar gona a ƙafafunsu, mata suka koma ɗakin Hauwa'u, tsakar gida ta zama babu kowa sai Turai.

Ƙwaryar tana nan inda ta tsaya, kusa da turmi. Kaji suka fito suka kewaye ta. Ɗaya ta hau bakinta ta leƙa, ta tsattsagi gindin sau biyu, ƙwas, ƙwas, ta karkata kai ta sake dubawa. Sannan ta sauka, suka watse cikin laka suna tono.